Likita, Hajiyarmu ta ce ita da kemo har abada

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka mana da shawara. Mahaifiyarmu ce aka gano tana da kansar nono, an yi mata kemo, wato maganin kansa na asibiti da ake sawa ta jijiya, sau 3 saura 3, toh wallahi duk sanda aka yi sai ta kwana huɗu tana amai, gashinta duk ya zube ko ruwa da ƙyar take sha, shine yayarta ta kawo wani mai magani ya ce daji baya son allura, in ana taɓa shi da ƙarfe fushi yake ya bazu, ya bada jiƙo jarka biyu da garin shafawa. Gaskiya tunda ta fara sha tana barci har tuwo tana ci, yanzu ta ce bazata koma asibiti ba, mu kuma bama son saɓa mata. Daga 'yarka a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Sauƙin nan da kike gani, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Yawancin kemo na nono duk sati 3 ake yi, satin farko ne ke wahalar da mutum, daga nan jiki ya fara dawowa abinci ya fara shiga, ko da jiƙo ko babu. An daina kemo amai ya tsaya, sai jarka ta kwashe yabo, shi kuwa ƙullutun yana nan yana aikinsa a ciki shiru, dan kansar nono takan daɗe ko zafi bata yi.

Maganar daji baya son allura kuma tun muna yara muke jinta, kuma na san inda ta samo asali, mutanenmu basa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki ya fashe, in aka taɓa aka rasa mutum sai a ce ƙarfe ne. Masu bincike na jami'ar Yale a Amurka sun fitar da sakamako a 2018, sun bi waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka tsaya kan na gargajiya kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, a kansar nono ma ya haura sau 5. Ni ba raina itace nake ba fa, cikin magungunan kemo ɗin kansu akwai vincristine daga wata fulawa ta Madagaska aka samo shi, paclitaxel kuma daga ɓawon bishiya, sai dai su an auna an san nawa ke magani nawa ke kisa. Jarkar Hajiya waye ya auna? Hanta da ƙoda ne ke tace kemo, su ne kuma za su tace jiƙon, mun sha ganin wanda aka ɗaga masa kemo saboda gwajin hanta ya lalace. Ko kwalba mai lambar NAFDAC ba shaida bace cewa tana warkar da kansa.

Amma kar ku ƙwace mata komai da komai, jin daɗin ranta ma magani ne. Addu'a, tofi, zamzam, zuma a kunu, zogale a kwaɗo, shayin citta da ke ɗan rage tashin zuciya, tausa a ƙafa, zama da jikoki, duk ku ci gaba. Kaho da tsaga kam a'a, kemo na rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini da masu yaƙar cuta, ƙaramin yanka sai ya zama babban aiki. Garin nan ma kar ya taɓa inda fata ta buɗe. Tafarnuwa da kurkum a miya ba laifi, na kafso ne sai an tambaya.

Aman kwana huɗu kuwa ba dole bane, akwai magungunan hana amai irin su ondansetron, a faɗa wa likitanta ƙarara cewa wanda aka bata baya riƙe ta, zai ƙara ko ya canza. Gashin kanta kuma yana dawowa bayan an gama kemon. In kuɗi na cikin abin da ke sa ta ja baya, dan iyayenmu sukan ɓoye wannan su ce gajiya ce, ku tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe game da asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu kansa, ta nono na ciki.

Ke kar ki tsaya gardama da ita, bazata ji daga bakin 'yar cikinta ba. Ku lallaɓa yayar tata da ta kawo mai maganin, ita za ta raka ta asibiti cikin satin nan kafin ranar kemo na huɗu ta yi nisa, ku tafi da jarkar da garin ku ajiye wa likita a kan tebur.