Aiki ya kai ni Jamus, injinan tururina suna Ingila: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniya ne mazaunin Birmingham a Ingila. Na yi shekaru ina haɗa ƙananan injinan tururi a rumfar da ke bayan gidana. Ina da tsohon ƙaramin injin tururi na wasa ƙirar kamfanin Mamod guda, da tukunyar tururi ta jan ƙarfe, da Stuart 10V, wato ƙaramin injin tururi da mutum ke gurza sassansa ya haɗa da kansa, wanda na kai rabinsa. Yanzu wurin aiki ya tura ni Munich na wata tara, zan zauna a ɗakin haya a bene. Me zan ɗauka, me zan bari, kuma yaya zan yi hannuna kada ya yi sanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a je a sa'a, Malam. Shawarata a dunƙule ita ce ka bar wuta a gida, ka tafi da aikin hannu. Sai dai kafin mu zo kan jakar tafiya, bari mu fara da abin da za ka bari, domin nan ne ɓarna ta fi aukuwa.

Wata tara na nufin sanyin Ingila zai tarar da rumfarka babu kowa. Ruwa idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma ɗan abin da ya maƙale a bututun geji, wato ma'aunin matsi, ko a gilashin duba ruwa ya isa ya fasa su. Don haka ka hura tukunyar karo na ƙarshe, ka kashe wutar, ka jira matsin ya sauka gaba ɗaya, sannan ka zubar da ruwan tun tana da ɗumi don zafin jikinta ya busar da ciki. Ka kwance bawul ɗin kariya, wato wanda ke sakin tururi idan matsi ya yi yawa, da murfin zuba ruwa ka ajiye su a ɗan kwali kusa da ita, iska ta riƙa shiga. Sauran bawuloli ka sassauta su kaɗan, saboda wanda aka ɗaure da zafi yakan ƙame idan ƙarfe ya huce. Gejin kuwa ka cire shi ka shigo da shi cikin gida. Haka za ka yi wa Mamod ɗin, ka kuma juye duk wani sifirit, wato man da ake kunna wutarsa da shi, da ya rage a abin kunna wutarsa. Injin gurza ƙarfenka ka shafa masa mai a duk inda ba fenti, ka sassauta bel ɗinsa, ka rufe shi da tsohon zanin gado na auduga. Kada ka rufe da leda, tana tara raɓa a ƙarƙashinta, tsatsa ta samu wurin zama.

Yanzu ga inda na fi so ka ba da hankalinka. Makonnin da suka rage maka kafin tafiya, kada ka ɓata su a kan aikin da hannu zai iya. Duk abin da sai da injin gurza ake yi a jikin 10V ɗin, ka gama shi yanzu: ramin silinda, wanda faɗinsa inci uku bisa huɗu ne, da fistan, da sandar juyi, da wilin da ke ɗaukar nauyin juyawa, da murafen silinda. Ka huda ramukan da suke buƙatar daidaito. Abin da zai rage shi ne rabin aikin da yawancinmu muke yi da gaggawa idan injin gurza yana kusa, kuma shi ne yake bambanta injin da ke juyawa kawai da wanda ke juyawa lumui. Ƙarfen zubi yana zuwa da kaushi da layin da ƙwaryar zubi ta bari, sai an bi shi da magagari a hankali. Fuskar da bawul ke zamewa a kanta tana son a goge ta a kan gilashi mai kauri da takardar gurza mai laushi da ɗigon mai, har ta kwanta ba inda tururi zai sulale. Akwai yanke ƙananan kusoshi masu zare su zo tsayi ɗaya, da yanka gasket, wato siririn abin da ake sawa tsakanin ƙarafa biyu don hana yoyo, da lulluɓe silinda, da gyara katakon da injin zai zauna. Wannan duka tebur ɗaya da fitila mai kyau ya ishe shi. Ni a wurina irin wannan zaman, mutum da magagari da ɗan ƙarfe bayan sallar isha'i, shi ne mafi daɗin sana'ar, kuma wata tara ba su yi masa yawa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙananan magagarai, ɗan bayis, wato abin matse ƙarfe, mai kama gefen tebur, awon kauri, zarto ƙarami, tabarau mai ƙara girma, da faranti mai baki wanda za ka yi aiki a cikinsa don garin ƙarfe kada ya shiga kafet ɗin mai gida. Abu ɗaya ne idan ka manta shi zai tsayar da kai cak. Zanen Stuart da inci aka yi shi, kuma notinansa na tsarin BA ne irin na Ingila, su 7BA da 5BA, alhali Jamus ƙasar milimita ce. Shagon kayan aiki na unguwa a Munich zai ba ka notinan milimita, su M2 da M3, iya son ranka, amma da wuya ka ga sifanar BA a can. Ka tafi da sifanoninka da abin yanka zare na ciki da na waje, ka ƙara da ragowar notina, domin notin 7BA idan ya faɗi ƙasa ba kullum ake ganinsa ba.

Duk waɗannan a babbar jaka za su shiga, ba a jakar hannu ba. Makamashi kuwa ko wane iri ne ba ya hawa jirgi, ko sifirit, ko gwangwanin gas, ko ƙwayoyin hura wuta. Game da ƙwayoyin nan na hexamine, ka tuna tun Oktoban 2023 dokar Birtaniya ta hana mutum ya saya ko ya mallake su ba tare da lasisi ba, don haka ko ka gan su a shago a can kada ka yi tunanin dawowa da su.

Ka ce ɗakin haya ne a bene. To a gidajen Jamus doka ta wajabta na'urar gano hayaƙi, kuma ko babu ita, buɗaɗɗiyar wuta da tukunya mai matsi a ɗakin da ba naka ba abu ne da ban yarda da shi ba. Ruwan da ke cikin tukunya a matsin bar ɗaya a geji (bar ma'aunin matsi ne) ya kai zafin digiri 120, kuma wutar sifirit da rana kusan ba a ganinta. Amma injin tururi bai damu da abin da ke tura fistansa ba. Iska ma tana yi. Famfon keke da ɗan tanki, ko ƙaramin kwamfuresa, wato injin matsa iska, marar ƙara irin na masu fesa fenti a zane, zai juya 10V da aka haɗa da kyau a matsi kaɗan. Hasali ma iska ta fi tururi tona asirin aiki: idan injin ya ƙi juyawa a hankali da ɗan matsi, akwai inda ya ɗaure ko kuma lokacin buɗewar bawul bai daidaita ba, sai ka kwance ka nemo. Ka lura da abu ɗaya. Kwalbar man da ke aiki da tururi ba ta sakin mai sai tururi ya koma ruwa a cikinta, don haka da iska ba ta yin komai. Ɗiga mai marar kauri a bakin bututun shiga kafin kowane gwaji, ka ajiye man tururi mai kauri sai ranar da ka koma wuta. Kuma ka kiyaye lokutan shiru na can, daga ƙarfe goma na dare zuwa safiya da kuma ranar Lahadi, domin maƙwabta suna riƙe da su da gaske.

Idan kewar ƙamshin tururi ta dame ka, ai Jamus ce ƙasar da ta dace. Kamfanin Wilesco yana garin Lüdenscheid, kuma cikin injinansa akwai waɗanda lantarki ke dumama tukunyarsu, babu harshen wuta ko kaɗan. Irin wannan ne kawai zan yarda ka kunna a ɗaki, shi ma kana tsaye a kansa, kuma ba ka bari ruwa ya ƙare ba. A nan sai ka kula da ruwa. Kai ka saba da na Birmingham wanda ke zuwa daga kwarin Elan a Wales, ruwa mai laushi. Na Munich yana da farar ƙasa sosai, za ka ga shaida a butar shayinka cikin mako biyu. Ka sayi tataccen ruwa irin wanda ake sayarwa don dutsen guga da batirin mota.

Sannan kada ka kulle kanka a ɗaki. Nuremberg tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Munich a jirgin ƙasa mai sauri, kuma ita ce cibiyar ƙananan injinan tururi na wasa tun ƙarshen ƙarni na 19, inda kamfanoni irin su Bing da Doll da Plank suka yi suna. Akwai gidan tarihin kayan wasa a garin, akwai kuma gidan tarihin jirgin ƙasa, domin daga nan zuwa Fürth ne layin dogo na farko a Jamus ya fara aiki a 1835. A kaka kuma ana babban baje kolin masu wannan sana'a a Friedrichshafen, bakin tafkin Constance. Ka tafi da ɗan guntun aikinka a aljihu. Ko Jamusancinka bai nuna ba, silindar da ka goge da hannunka za ta buɗe maka hira, kuma ta haka ake samun ƙungiyar da za ta bar ka ka taɓa injin gurzarta idan wani abu ya buƙaci gyara.

Ranar da ka dawo, kada ka yi ɗokin kunna wuta. Ka duba bawul ɗin kariya ka tabbata ƙwallonsa da sifirin ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke danne ƙwallon, suna motsi, ka mayar da geji, ka cika tukunyar da ruwa ka duba ko akwai inda take tsatsafo. Idan takardar gwajinta ta ƙare a lokacin da ba ka nan, ka kai ta wurin mai gwajin tukwane na ƙungiyarku a sake gwada ta tukuna, sannan ka jona 10V ɗin ya sha tururinsa na farko.