Tambayoyinku kan Fasaha: Idan Kafka Ta Ƙi Karɓar Mabuɗin Saƙo

Tambaya: Ina aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Kano, inda muke tura saƙonnin ciniki ta Apache Kafka, manhajar da ke isar da saƙonni tsakanin manhajoji, da lambar asusu a matsayin mabuɗi, wato alamar da ke tafiya tare da kowane saƙo. Wata sabuwar manhajarmu ta Java ta tsaya da kuskuren SerializationException, tana cewa StringSerializer, mai mayar da rubutu bayit, ba zai iya sarrafa mabuɗi nau'in Long, wato dogon adadi, ba. Na sauya saitin key.serializer zuwa LongSerializer, mai mayar da Long bayit, kuskuren ya ɓace, amma yanzu saƙonnin asusu ɗaya suna zuwa a hargitse, har cire kuɗi yana riga zuba kuɗi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ka kashe ƙararrawar gobara ka bar wutar tana ci, kuma wannan ɗabi'a ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kafka ba ta san lambar asusu ba, ba ta san rubutu ko adadi ba. Abin da take gani kawai shi ne jerin bayit ɗin da aka miƙa mata, wato ƙananan guntayen bayanai da kwamfuta ke aiki da su. A Java, mai aika saƙo yana ɗaukar bayit ɗin mabuɗin ne ya lissafa su da dabarar murmur2, sannan ya raba sakamakon da yawan ɓangarorin maudu'in (maudu'i shi ne rumbun da ake zuba saƙonni a Kafka, kuma an kasa shi ɓangare-ɓangare), ragowar da ta fito ita ce ke nuna ɓangaren da saƙon zai sauka. Ɗauki lamba 42. Idan rubutu ce bayit 2 ce, idan Integer ce, wato gajeren adadi, bayit 4, idan kuwa Long ce bayit 8. A idonka abu ɗaya ne, amma a wurin Kafka mabuɗai uku ne da babu abin da ya haɗa su, kuma kowanne yana iya faɗawa ɓangare dabam. Tun da Kafka ba ta lamunce maka jerin isowar saƙonni sai a cikin ɓangare guda, tsofaffin manhajojinku suna zuba saƙonnin asusun a wuri ɗaya a matsayin rubutu, sabuwar kuma tana kai nata wani wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne mayar da lambar asusu adadi tun farko. Lambar asusun banki a Najeriya tana da lambobi 10, kuma da yawa suna farawa da sifili. Da zarar ka mayar da ita Long, sifilin gaba ya tafi, asusun ya zama wani abu dabam. Integer kuwa ba ya wuce 2,147,483,647, don haka asusu da dama ba za su ma shiga cikinsa ba. Abin da ba a tarawa, ba a ɗebewa, suna ne, kuma suna rubutu ne. Mayar da StringSerializer, gyara manhajar ta riƙa miƙa lambar a matsayin rubutu da sifilinta cikakke, sannan ka binciki saƙonnin da aka aika tsakanin sauyin da yau, domin mai karɓa da ke amfani da StringDeserializer, mai mayar da bayit rubutu, ba zai yi ƙorafi ba, zai karanta bayit 8 ɗin nan a matsayin haruffan da ba su da ma'ana ya wuce. Ni dai ba na taɓa saitin mabuɗi sai na buɗe kafka-console-consumer, kayan aikin Kafka na karanta saƙonni, da saitin print.key=true mai nuna mabuɗi, na ga abin da ke cikin maudu'in da idona, kuma ina roƙon kowane mai karatu ya mayar da wannan al'adarsa.

Tambaya: Manhajata ta Python da ta abokin aikina ta Java suna aika mabuɗi iri ɗaya, duka rubutu, amma saƙonnin suna sauka a ɓangarori dabam-dabam.

Amsa: Malama, idan confluent-kafka kike amfani da shi wajen haɗa Python da Kafka, an gina shi ne a kan wata manhaja mai suna librdkafka, wadda ke lissafi da dabarar CRC32 maimakon murmur2 a saitinta na asali. Sanya saitin partitioner, mai zaɓar ɓangare, ya zama murmur2_random, zai dace da na Java.

Tambaya: Mai karɓar saƙona ya maƙale wuri ɗaya, yana ta maimaita "Unknown magic byte!".

Amsa: Ka umarce shi ya karanta mabuɗin a matsayin Avro, wani salon shirya bayanai wanda, idan ana aiki da Schema Registry (ma'ajiyar tsare-tsaren saƙo), ake sa wa bayit sifili a gaba, wato magic byte ɗin, da bayit 4 na lambar tsari, alhali rubutu zalla aka aiko. Sanya key.deserializer ya zama StringDeserializer, ka bar Avro ga jikin saƙon kaɗai.

Tambaya: Idan na ƙara yawan ɓangarori daga 6 zuwa 12, mabuɗaina za su ci gaba da zuwa inda suka saba?

Amsa: Da yawansu za su ƙaura, domin abin da ake raba lissafin da shi ya sauya, tsofaffin saƙonni kuma suna nan inda suke. Ka yi nazari sosai kafin ka taɓa, domin Kafka ba ta yarda a rage ɓangarori bayan an ƙara su.