Tambaya da Amsa: Aƙiƙ Mai Wuta a Hannun Maƙerin Farfaru

TAMBAYA: Ni maƙerin farfaru ne a Talata Mafara. An kawo mini ɗanyen aƙiƙ mai wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fire agate, in yi zobe. Na gurza shi don ya yi sumul, sai launukan suka ɓace, ya koma ruwan ƙasa. Me ya faru?

AMSA: Malam, ka gurje wutar ne da hannunka, kuma ba ta dawowa. Sanin yadda dutsen ya samu shi zai kare ka nan gaba.

A Meziko ake haƙo shi, musamman Aguascalientes da Chihuahua, sai kuma Arizona da Kalifoniya a Amurka. Shekaru miliyan 24 zuwa 36 da suka wuce, duwatsun yankin sun yi aman wuta. Ruwan zafi ɗauke da silika da tsatsar ƙarfe ya riƙa shiga ramukan dutse, yana barin shimfiɗa bisa shimfiɗa. Shimfiɗun tsatsar ba su kai kaurin gashi ba. Haske in ya faɗa musu sai ya rarrabu zuwa ja, ruwan zinariya da kore, kamar man fetur a kan ruwa. Kuma ba a miƙe suke ba, ƙulu-ƙulu suke bi. Shi ya sa faifan gurza mai lebur yake cinye tudun tun bai kai kwarin ba.

Ƙaramin injin hannu mai kan daimon za ka nema. Ka cire farin ɓawon da ke saman dutsen a hankali, kana bin kowane tudu, kana wankewa kana dubawa a rana. Da launi ya leƙo, ka bar mai kaushi. Ka koma magurji mai laushi, lamba 600, sannan 1200, sannan 3000, ka ƙarasa da man goge na daimon. Zobe ba dole ya fito da siffar ƙwai ba. A ganinmu, barin dutsen da tudunsa ya fi kyau.

Kada ka kuskura ka gurza shi a bushe. Ƙurar silika tana lalata huhu, kuma ba ta da magani. Mutanen Zamfara sun ga abin da ƙurar dutse ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, ko da yake waccan gubar dalma ce. A bar ruwa yana ɗiga kullum.

Wajen ɗauri, ka gama duk liƙin wuta kafin dutse ya shiga gidansa, domin zafi na tsaga shi. Jikin zobe azurfa 925 mai ɗan gauraye, bakin da zai rungume dutse kuwa tsantsar azurfa 999, ta fi laushin lanƙwasawa. Ka rufe bayan gidan dutsen.

TAMBAYA: Daga Birnin Kebbi nake. Na sayi sarƙar duwatsu jajaye masu farin zane kamar tsagewa, aka ce aƙiƙ mai wuta ne. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, ba shi ba ne. Aƙiƙ ne na yau da kullum da aka gasa ya tsattsage, sau da yawa har da rini. Ki juya ɗaya a rana: na gaske jikinsa ruwan ƙasa ne, launin yana motsi daga ciki, kuma da wuya a same shi ƙwayoyi masu girma ɗaya. Ki sa kayanki, amma ki wanke da ruwa da sabulu kawai, ki raba shi da turare saboda rinin.