Idan Littafin Gyara Ne Ya Yi Kuskure

Ɗana, ka ce kana haɗa famfon da ke tura wa tukunyar nukiliya, wato inda makamashin ke fitar da zafi a tashar wutar lantarki, ruwan sanyaya idan haɗari ya auku, sai ka ga ƙarfin ɗaurin notocin murfinsa da littafin kamfani ya bayar ya saɓa da wanda ke jikin zanen. Kana tambaya ko ka bi wanda hankalinka ya fi kwanciya da shi, ka gyara lambar da biro a gefen shafi, ka ci gaba.

A'a. Ajiye sifanar.

Na ji daɗi da idonka ya kama wannan, don da yawa suna karanta littafi ne da tunanin ba ya kuskure. Amma ganin kuskuren rabin aiki ne. Bari in gaya maka abin da ya sa nake tsoron ɓatacciyar lamba fiye da karyayyen ƙarfe. Ƙarfe in ya karye, a wuri ɗaya ya karye. Shi ya sa ake yin kayan kariya bibbiyu, in ɗaya ya ƙi ɗan'uwansa ya tashi. To amma da littafi ɗaya ake gyara su duka biyun. Lambar da ta sa aka ɗaure wannan famfo ba daidai ba, ita aka bi a kan na biyun, ita kuma ake bi a kowace tashar da ta sayi irinsa. Ka ga an yi biyu, amma cutarsu ɗaya. Kuma waɗannan na'urori zaune suke shiru shekara da shekaru suna jiran ranar buƙata, ba lallai ne gwajin da ake yi musu lokaci-lokaci ya tona aibin ba. Gyaran biro kwafinka kaɗai ya warkar. Wanda zai zo aikin dare da nasa kwafin fa?

Don haka ka bar famfon a yanayin da ba zai cutar da kowa ba, ka kira shugaban aikinka, shi zai sanar da ɗakin sarrafawa. Na san agogo na tafiya, domin na'urar kariya tana da ƙayyadadden lokacin da aka yarda ta zauna ba ta aiki, kuma za ka ga fuskoki sun canza. Ka daure. Wannan lissafin nasu ne.

Sannan ka rubuta rahoto a ranar, kada ka bari ya kwana. A nan ne yara ke yi mini sakaci, su rubuta "littafi ba daidai ba ne" su tafi. Wa zai yi aiki da wannan? Sa sunan littafin, lambar bugunsa, shafi da layi, lambar famfon, abin da littafi ya ce, abin da zane ya ce, da lambar bugun zanen shi ma, don wani lokaci zanen ne tsoho. Abin da ka gani ka rubuta shi a matsayin gani, abin da kake zato ka ce zato ne. In ka san an taɓa ɗaure wani famfo da wannan lamba, faɗi. Tambayar da ta fi tayar wa injiniyoyi hankali ke nan: sau nawa aka riga aka bi ta, kuma waɗanne na'urori ne yanzu haka ke tsaye da wannan ɗaurin?

Daga nan magana ta bar hannunka ta shiga hannun doka. A nan Amurka, hukumar kula da harkar nukiliya, NRC, tana da ƙa'idar da muke kira Kashi na 21, wadda ta samo tushe daga sashe na 206 na wata dokar makamashi ta 1974. Ta ba da kwana 60 daga ranar gano matsala a tantance ko za ta iya jawo babban haɗari. In an tabbatar, a sanar da babban jami'in kamfani cikin kwanakin aiki 5, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 2, rubutaccen rahoto ya biyo cikin kwana 30. Kamfanin da ya ƙera kayan shi ma ƙa'idar ta hau kansa, in ba zai iya tantancewa ba dole ya sanar da waɗanda suka saya. Ta haka labarin shafinka zai isa tashoshin da ba ka taɓa takawa ba. Yanke hukuncin ko abin ya kai a kai shi hukuma ba naka ba ne, amma ba wanda zai tantance abin da ba a rubuta ba.

Kada ka ɗauka tsoro ne kawai na tsofaffi. A watan Fabrairun 1983, a tashar Salem da ke jihar New Jersey, makunnai biyu da ya kamata su yanke wuta da kansu don tukunya ta tsaya sun ƙi buɗewa, ranar 22 da kuma ranar 25. Ma'aikata ne suka tsayar da ita da hannu. Na ranar 22 ma ba a gane shi ba sai da na biyu ya faru aka koma bincike. Wani ɗan ƙaramin sashe ne ya cije a cikin duka biyun, saboda rashin kulawa da shafa mai yadda ya dace. A shekarar ne hukuma ta fitar da wasiƙa mai lamba 83-28, ta ce kowace tasha ta tabbatar bayanan masu ƙera kayan kariyarta cikakku ne, na yanzu ne, kuma sun shiga takardun aiki.

Ka kuma ce kana jin nauyin a ce yaro ya tsayar da aiki. Doka ta hana a hukunta ma'aikaci don ya ɗaga maganar tsaro, kuma akwai sufetocin hukuma zaune a kowace tasha, kana da damar zuwa wurinsu kai tsaye. Ban zaci za a kai can ba. In wani ya ɗaga maka murya, turo shi wurina.

Je ka rubuta, ka kawo mini in duba kafin ka miƙa. Notocin nan kuwa kada ka taɓa su sai amsar injiniya ta zo a rubuce, da sa hannunsa.