Amsar murya: liƙa sitikar gilashi a madubin leƙen ƙaramar tankar yaƙi

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena na Gusau da ya turo hoton ƙaramar tankarshi samfurin Abrams ta 1/35, wato an rage girman ta gaske sau 35, yana tambayar abin da ya sa sitikar madubin leƙe ta dushe kuma gefenta ke ɗagowa, to saurara.

Ka yi gaggawa ne. Sitikar nan ita ce aikin ƙarshe. Sai ka gama fenti, ka zuba ƙurarka da tsatsarka na kwaikwayo, ka fesa ruwan nan mai kashe ƙyalli, ya kwana ya bushe, sannan ka ɗauko ta. Kai kuwa daga hoton an ga ka liƙa ta ka fesa a kai. Feshin nan aikinsa ke nan, ya kashe walƙiya, ita ko sitikar don walƙiyar aka saye ta.

Sai kuma bayanta. Ramin da za ta zauna, shafa mishi baƙin fenti mai sheƙi tukuna. Ledar shara-shara ce, abin da ke ƙasa yana nunawa. Bisa baƙi za ka ga ja-ja da shuɗi-shuɗin nan na canzawa in ka juya tankar, yadda gilashin ta gaske ke yi. Bisa fenti ruwan ƙasa kuwa sai ta fito fayau, ba armashi. Kuma gam ba ya kama wuri mai kaushi, shi ya sa taka ke ɗagowa.

Wajen ɗauka, kada yatsa ya taɓa gam ɗin, maiƙon hannu na kashe shi. Sa bakin sabuwar reza ka ɗaga kusurwa guda, ka kama ta da hantsaki. Abin ƙarami ne ƙwarai, gilashin da ya kai santimita 14 a tankar gaske milimita 4 ne a nan, numfashi ma na iya ɗauke shi. Kashe fanka, shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Aza gefe guda ya daidaita da bakin ramin, sannan ka kwantar da sauran, ka danna da tsinken sakace da ka dakushe bakinsa, daga tsakiya zuwa gefe. In ta karkace, ɗaga ta sau ɗaya. Ya wuce haka gam ya tafi. Kuma gwada kafin ka ɓare, don sitikar kamfanin AFV Club wani lokaci ba ta shiga daidai a ramin tankar wani kamfani, sai an ɗan rage da reza bisa rula ta ƙarfe.

Wadda ta ɗago, kada ka kusance ta da sufa gulu, tururinsa na bar mata farin hazo da ba ya goguwa. Ɗigon farin gam na kafintoci a bakin allura ya isa, in ya bushe ba a ganinsa.

Wanda bai samu sitikar ba, ledar naɗe kyauta mai canza launi ko ƙyalƙyalin da teloli ke saye a kasuwa, a yanka daidai, suna yi. Ko fenti ruwan azurfa a ƙasa, jan fenti shara-shara na Tamiya X-27 a sama.

Amma fa ba kowace tanka ba. Tankar Sherman ta yaƙin duniya na biyu gilashinta ba shi da wannan launi, baƙi da ɗan sheƙi ya wadatar.

Sannan in hunturu ne, ƙura na bin gam. Ɓare guda, liƙa, sannan ka ɓare ta gaba, in ka gama ka rufe tankar cikin kwali.