Tambayar Mai Karatu: Gonakin Inabin Bordo da Shekarar 1855

Assalamu alaikum Malam. Ina unguwar Nima, ina koyon aikin otal a nan Akara. Malaminmu ya ambaci gonakin jar giya na Faransa da shekarar 1855, ban gane ba. Ni ba na sha, amma jarrabawa ta kusa.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara tsare ka da ita, ya ba ka sa'a. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya so a nuna giyar yankin Bordo na Faransa a baje kolin Faris, sai dillalai suka jera gonakin sahu biyar bisa tsadar giyarsu. Huɗu suka hau sahun farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Mouton Rothschild bai shiga cikinsu ba sai 1973.

Ƙasar Medok, ɓangaren Bordo inda mafi yawan gonakin nan suke, tsakuwa ce, ruwa ba ya kwanciya, saiwar inabi takan nutsa ƙasa sosai. Bayan an matse inabin ya tsima, akan zuba shi cikin gangar katako mai cin lita 225.

Abin da ya fi taɓa ni, ni da na taso a gona, shi ne ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin a ƙarshen ƙarni na 19. Aka yi wa inabin aure da saiwar inabin Amurka, yadda muke wa mangwaro, sannan ya tsira.