Tambaya da amsa: Hukumomin tsaro mu suke karewa ko kujerar mulki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen hatsi a ƙauyuka ina kawowa birni. Kullum a rediyo sai in ji an kafa sabuwar runduna ko an ware biliyoyi domin tsaro, amma har yau hanyar da nake bi ba ta shiguwa bayan la'asar. Don Allah, waɗannan hukumomi irin su DSS da NIA, mu talakawa suke karewa, ko kuwa gwamnati ce take ƙara wa kanta ƙarfi da ofisoshi da sunanmu? Daga wani mai karatu a jihar Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema. Gaskiyar magana suna yin duka biyun, sai dai ba da ƙarfi ɗaya ba. Tsare kujerar mulki shi ne aikin da aka kafa su dominsa, shi kuma suka fi ƙwarewa a kai. Tsare ka da motar hatsinka yana zuwa ne daga baya. Ba don ɓatanci na faɗi haka ba, asalinsu ne ya nuna.

Ranar 13 ga Fabrairun 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammed a Legas. A shekarar ce gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO, wadda ta karɓi aikin leƙen asirin da a da yake hannun wani sashe na 'yan sanda. Ka ga ke nan abin da ya haife ta tsoron juyin mulki ne, ba satar shanu ko fashi a kan hanya ba. Da soja suka dawo, Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar a tsare mutum wata uku ba tare da an kai shi kotu ba, a kuma sabunta in an ga dama. A 1986 Janar Babangida ya rushe NSO da Doka ta 19, ya tsaga ta gida uku: SSS, wato hukumar farin kaya da muke kira DSS, domin cikin gida, NIA domin ƙasashen waje, DIA domin sha'anin soja. Dukansu a ƙarshe ga shugaban ƙasa suke komawa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya faru a 1999. Da za a miƙa mulki ga farar hula, ba a zauna aka sake wa waɗannan hukumomi zubi ba. Sai ma aka ɗauki dokar sojan nan ta 1986 aka kafe ta a cikin tsarin mulki, a sashe na 315(5), tare da dokar mallakar ƙasa da ta bautar ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hukumar da ta taso tana kallon fadar shugaba kaɗai, ba za ta wayi gari tana kallon kasuwar ƙauye ba sai an juya mata fuska da gangan.

Duk da haka, zalunci ne a ce ba su tsinana komai. Kabiru Sokoto, wanda aka kama bisa harin bom na cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda a Janairun 2012. Jami'an farin kaya ne suka bi sawunsa har Mutum Biyu a jihar Taraba, suka sake kama shi a watan Fabrairu, kotu kuma ta yi masa ɗaurin rai da rai a 2013. A 2016 an kama Khalid al-Barnawi na ƙungiyar Ansaru a Lokoja. Ga kuma hare-haren da aka daƙile ba a ji labarinsu ba, domin shi wannan aiki in ya yi kyau shiru ake ji. Akwai jami'an da suka rasa rayukansu a bakin aiki, suka bar marayu. Ba na mantawa da su.

To amma ɗora ɗaya hannun a kan sikeli. A Oktoban 2016 jami'an farin kaya suka dira gidajen alƙalai cikin dare. Ranar 7 ga Agustan 2018 jami'anta da fuskoki a rufe suka tare ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, suka hana zaɓaɓɓun wakilai shiga, har muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, a ranar. Kanar Sambo Dasuki, wanda shi kansa ya riƙe ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya shekara huɗu a tsare, daga Disambar 2015 zuwa Disambar 2019, alhali kotuna sun ba da belinsa, kotun ECOWAS ma ta ce tsarewar ta saɓa wa doka. Zargin da ake yi masa a kan kuɗin makamai, dala biliyan 2.1, babba ne, kuma haƙƙin 'yan ƙasa ne a ji gaskiyarsa. Wurin jin gaskiyar kuwa kotu ne. Idan hukuma za ta zaɓi umarnin alƙalin da za ta bi a kan mutum irin wannan, ina ga ɗan talaka?

Na ga amsar da idona. Wata dattijuwa ta taɓa zuwa wurina da takardar umarnin kotu a naɗe cikin baƙar leda, ta ninke ta har rubutun ya fara gogewa a wurin ninkin. Ɗanta aka ɗauke a shagonsa na cajin waya. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san hatimin kotu, sai ta riƙa ɗora yatsa a kai tana cewa, "Ɗana, ba alƙali ne ya ce a sake shi ba?" Kowace Litinin takan je bakin ƙofar inda take zaton yana ciki, da tuwo a kwano, ta dawo da shi ya huce. Ba ta ce ɗanta ba shi da laifi ba. Cewa ta yi a kai shi gaban shari'a ta ji da kunnenta.

Sai maganar yawan ofisoshi, wadda ita ce rabin tambayarka. A harkar tsaro, gazawa ba ta cika jawo a rage wa hukuma kasafi ba, sai ma a ƙara. In an kai hari, abin da ya fi wa gwamnati sauƙi shi ne ta sanar da sabuwar runduna, da sababbin motoci da kaki, maimakon ta fito da sunan wanda ya yi sakaci. Kowace sabuwar hukuma kuwa tana zuwa da hedikwata, da daraktoci, da kwangiloli, da guraben aikin da manya ke rabawa. Tun 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga hukumomin gwamnatin tarayya 541, ya ba da shawarar a haɗe wasu a rushe wasu. An fi shekara goma ana jan ƙafa a kan rahoton.

Dubi harin gidan yarin Kuje na 5 ga Yulin 2022, inda ɗaruruwan fursunoni suka tsere a bakin Abuja. Mataimakin kakakin majalisar wakilai na lokacin, Ahmed Idris Wase, ya faɗa a zauren majalisa cewa DSS ta aika rahotanni 44 na gargaɗi kafin harin. Wato labari ya samu, wanda zai yi aiki da shi ne ya yi ƙaranci. Ƙarin hukuma ta goma ba za ta gyara wannan ba, sai dai ta ƙara teburin da takarda za ta kwana a kai.

Kuɗin kuma a rufe suke. A Afrilun 2017 EFCC ta gano tsabar kuɗi fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, NIA ta ce nata ne, daga baya aka sallami shugabanta Ayo Oke. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaron da shugabanni ke kashewa ba tare da ba da bahasi ba sun kai kimanin dala miliyan 670 a shekara. Na yarda akwai abin da dole a ɓoye, kamar sunan mai kawo labari daga daji. Amma jimillar abin da aka kashe da amfanin da aka samu ba asirin da zai taimaki ɗan bindiga ba ne.

Ba mu kaɗai ba ne. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, Amurka ta haɗa hukumomi 22 ta yi ma'aikatar tsaron cikin gida. A 2013 Edward Snowden, wanda ya taɓa yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki, ya fallasa cewa hukumar tana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa. A 2014 wani kwamitin sa ido na gwamnatin ya ce bai ga ko da hari ɗaya da shirin ya zama silar daƙile shi ba, a 2015 kuma majalisarsu ta yi dokar da ta taƙaita shi. Hukumominsu ma suna wuce gona da iri, sai dai an samu masu ja musu linzami.

Mu ma linzamin yana cikin tsarin mulkinmu, riƙe shi ne ba a yi. Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu, sashe na 88 kuma ya ba majalisa ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su.

Saboda haka, Alhaji, ku 'yan kasuwar hatsi kuna da ƙungiya, kuna da baki. Ku riƙa rubuta ranar kowane hari da wurin da sa'ar da aka kira jami'ai da sa'ar da suka iso, ku miƙa wa ɗan majalisarku a rubuce, ku nemi ya gabatar da shi a gaban kwamitin tsaro. Ku kuma tambaye shi matsayinsa kan gyara dokar 1986. Taɓa ta yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar majalisun jihohi 24, kuma majalisar Katsina tana cikin waɗanda za a nema.